Shinkafata a Kujerar Direba

Ina so ku ji wannan daga bakina, domin na gaji da jin sa daga bakin waɗanda ba su je ba. A Zariya an ce wai na yi tseren mota da Sinawa a Malesiya har na zo ta uku. A Kaduna an ce mijin Hauwa ne ya yaudare ni, ya ce asibiti zai kai ni, sai kawai na tsinci kaina a cikin motar. Duka biyun ƙarya ne. Ban taɓa riƙe sitiyari ba, kuma tun da na yi wayo ba a taɓa zaunar da ni inda ban ga dama ba. Da ƙafata na shiga. Hauwa ce ke rubutawa ina faɗa, na kuma gaya mata in ta gyara mini magana zan gane ranar da aka karanta mini.

Wankan jego ne ya kai ni Kuala Lumpur. Hauwa autata ce, haihuwarta ta fari ce, ga ta a ƙasar da ba ta da uwa ba ta da gwaggo. Na haɗa kanwa da kayan yaji da daddawa, aka saka ni a jirgi, na sauka da niyyar in yi wata uku in komo kan rumfata. Suna zaune a wata unguwa da ake kira Cheras, a hawa na sha huɗu, inda in ka leƙa ƙasa mutum yake komawa kamar tururuwa. Ba a yi arba'in ba korona ta sauka, aka rufe ƙasa, aka rufe sama, aka ce kowa ya zauna inda yake. Wata ukun nan sai da ya haura shekara. Jaririyar kuwa sunana aka sa mata, kowa na ce mata Ummi, ni ina ce mata Takwara.

Ku yaran yanzu ba ku san yadda muke da surukai ba, don haka bari in faɗa. Ban taɓa kiran sunan mijin Hauwa ba, har yau. Ba na cin abinci a gabansa, ba ya ci a gabana. In ya zo gaishe ni yakan durƙusa a bakin ƙofa idonsa a ƙasa, in amsa fuskata na kallon bango. In akwai magana, Hauwa ce ke kai ta, ita ke kawo amsa. A gida wannan ba wuya, tsakar gida da faɗi. Amma a ɗaki uku da falo, da dokar kulle a kanmu, sai muka zama kamar masu wasan ɓuya. In ya ji takuna ya shige ɗakin aikinsa, in na ji nasa in koma kicin. Mutum ne shiru-shiru, injiniya, yana wuni gaban kwamfuta yana turanci da mutanen da ba a gani. Ban ga wani aibu a wurinsa ba sai abu ɗaya, kuma abin yana hawa na biyu, inda ake ajiye motoci, lulluɓe da tamfol.

Ranar da na fara ganin ta na ɗauka akwatin gawa ne aka sa wa taya. Ba ƙofa, ba rufi, ba gilashin gaba na kirki. Tsayinta bai wuce gwiwata da kaɗan ba. Kujera biyu a matse, hanci dogo, launin kore kamar ɗanyen mangwaro. Hauwa ta ce irinta ƙalilan ne a duk ƙasar, ya same ta a lalace ya yi shekara uku yana haɗa ta da hannunsa. Ta ce an ƙera ta ne don tsere, amma ba tseren masu neman abinci ba, na 'yan sha'awa, likitoci da malamai da tsofaffin 'yan kasuwa da ke haɗuwa ranar Asabar a wani fili can wajen filin jirgi. Ta ce duk darajar motar rashin nauyi ne, shi ya sa aka cire mata komai, ko rediyo babu. Na tambaye ta a ina ake sa jariri. Ta ce ai ga tata motar ta zuwa kasuwa. Na ce to wannan fa, ta zuwa lahira ce?

Ni hanya ta ci mini ƙane yana da ɗa na goye, ni na raini yaron. Don haka da muka hau sama na tsaya a kicin, na ɗaga murya yadda za ta kai ɗakin aiki, na ce wa Hauwa:

"Wanda aka haifa wa ɗiya ba shi da ikon wasa da ransa. Kafin in bar ƙasar nan, abin nan ya riga ni barin gidan."

Na ɗauka maganar ta bi iska, kamar yadda maganar tsofaffi ke bi a gidajen 'yan boko.

Da aka fara maganar kulle na sa sun cika mini sito, domin na ga yunwa da idona ina yarinya, ba na wasa da ita. Shinkafarsu a ƙananan buhuna take zuwa, na jera su a lungu, kullum in na shiga sai na duba. Wata Talata da hantsi na shiga na ga lungun fayau. Buhu biyar babu, galan ɗin mai biyu babu. Hauwa tana barcin masu shayarwa, ɗakin aiki kuma ba kowa. Na goya Takwara, na sa takunkumi, na shiga lif na danna lambar da na ga suna dannawa.

Abin da na tarar ba zan manta ba. An yaye tamfol. Ga shinkafata a zaune a kujerar direba, buhu kan buhu, an ɗaure ta da bel ta kafaɗa da ƙugu kamar mai shirin tafiya Kano. Galan biyun suna wurin ƙafa. Kowace taya tana kan sikeli, irin wanda mata ke hawa a banɗaki su sauko suna tsaki. Shi kuma yana kwance a ƙasa da sifana a hannu, ƙafafunsa kawai nake gani. Da ya ga silifas ɗina ya fito a rikice har ya buga goshi, ya durƙusa, ya rasa inda zai sa idonsa. Ba Hauwa a wurin. Na juyar da kai na ce wa wadda ke bayana:

"Takwara, ki tambayi mutanen gidan nan, shinkafa ta yi laifi ne aka ɗaure ta?"

Ya kalli ƙafar jaririyar da ke leƙowa ta gefen zanena.

"Ummi, ki ba Inna haƙuri. Ki ce mata awo nake yi, da na gama zan mayar."

Daga nan ya ci gaba da yi wa yarinya 'yar wata uku bayani. Ya ce mota mara nauyi irin wannan, in nauyin bai rabu daidai a kan tayoyi huɗu ba, sai ta riƙa jan gefe a kwana. A gareji ake yi, gareji kuma a rufe. Shi ya sa ya ari sikeli wurin maƙwabta, ya sa shinkafa a madadin direba, yana ɗaure sifirin yana sassautawa. Amma kwana uku ke nan, in ya gyara nan can ya ɓaci, lissafin ya ƙi zama.

To, a nan ne ya taka filina bai sani ba. Shekara arba'in na yi ina awon hatsi da gyaɗa a kasuwa. Ban san harafi ko ɗaya ba, amma allurar sikeli na san ta kamar fuskokin 'ya'yana, kuma babu irin ha'incin da ban gani ba. Na ɗauki robar ruwansa na tsiyaya kaɗan a siminti. Ruwan bai tsaya ba, ya kama hanya ya gangara ta ƙarƙashin tayar baya ya nufi magudana.

"Takwara, ki ce ƙasar a karkace take. Mai son cutar mutane a irin nan yake kafa sikelinsa. Kuma kafin a yarda da sikeli huɗu, a ɗora musu buhu ɗaya a ga ko bakinsu ɗaya."

Ya turo motar baya, ya bi su da buhu ɗaya. Uku suka faɗi magana ɗaya, na huɗun, na wata mata 'yar Jos da ke hawa na tara, ya rage. Na ce wa Takwara da alama matar ta murɗa shi ne don ya riƙa faɗa mata abin da take son ji. Sai na ji wani sauti da ban taɓa ji ba tun zuwana. Mijin Hauwa ne ke dariya, ya toshe baki da bayan hannu, kafaɗunsa na rawa.

Kwana biyar muka yi muna wannan aiki, kullum da hantsi, ni da shi da Takwara a tsakani. Na sa ya kawo farantin silba, muka zuba ruwa muka riƙa aza shi a kan katako daga sikeli zuwa sikeli, yana cusa kwali da tsofaffin jaridu a ƙasa har ruwan ya kwanta daidai da bakin faranti ta ko'ina. Yarinyar ta sha saƙo. Wani lokacin tana barci muna aika ta. Ni kuma ina kallonsa, domin kallo ne sana'ata. Duk kusar da ya ɗaure sai ya ɗiga mata jan fenti, don in ta motsa ya gani. In allura ta nuna abin da bai so ba, ba ya matsa ta da yatsa, sai ya koma ƙarƙashi. Ya gaya wa Ummi cewa a filin nasu kowa gaba ɗaya yake fuskanta, ba tirela mai zuwa, ba akuya, ga motar asibiti a tsaye, kuma wanda ya yi ganganci sau ɗaya ba ya sake shiga. Da rana in mun hau sama sai in ji yana yi wa Hauwa hira, har ya ci tuwo ya nemi ƙari.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Mijin Hauwa ba ƙaramin mutum ba ne, kuma ni in na kalli mutum sau ɗaya na san buhu nawa ne. Abin da ke ɗaure a kujerar nan bai kai shi ba, da saura sosai. Mutumin da ba ya yarda da kuskuren kaurin jarida ɗaya ba zai manta da nauyin kansa ba. A rana ta biyar ina dama kunu na tambayi Hauwa, nauyin wa muke aunawa?

Ta ajiye ludayi. Ta ce nauyin Ankul Lim ne, wani tsohon Basine siriri da suke tsere tare, wanda ya shekara uku yana roƙon a sayar masa. Ta ce tun ranar da na yi magana a kicin ya kira shi ya ce ya amince. Yana daidaita ta ne da jikin mai saye don ya miƙa ta ba aibu. An sassauta doka, ranar Asabar mai zuwa za a zo da babbar mota a ɗauka.

"Ke ba ki hana shi ba?"

"Na yi, Inna. Ya ce uwa ta yi magana a gidansa, ba zai bari ta maimaita ba." Ta share ido da gefen ɗankwali. "Ranar da ya dawo daga filin nan ita ce ranar da nake da miji mai surutu. Sauran kwanakin sai in ta tatsar magana kamar ana tatsar busasshiyar saniya."

Ku da kuka san ni kun san ban taɓa janye magana ba. Mahaifinku, Allah ya jiƙansa, ya yi shekara talatin yana jira bai gani ba. Kwana biyu ina juya abin. In na aika Hauwa ta ce na fasa, zai ce ita ta roƙe ni, ba zai karɓa ba. In na aika Takwara, wasa ne. Kuma ni ban taɓa ce wa mai saye hatsi na da kyau ba sai na tauna. Ba zan ce mota ba ta kisa ba alhali ban ji yadda take tafiya ba.

Ranar Juma'a da safe na sa wandon Hauwa a ƙarƙashin zane, na miƙa mata yarinyar, na ce ta gaya masa ina son burodin nan mai laushi na kedai mamak, shagon Indiyawan da ke bayan kasuwa, kuma a koren abin nan za a kai ni. Sau uku ta tambaye ni ko ta ji daidai.

Shigar ma aiki ce. Sai ka ɗaga ƙafa ka tsallaka, ka tsaya a kan kujera, ka zame ƙasa kamar mai shiga rijiya. Hauwa ta ɗaure ni, ta kifa mini hular kwano a kan hijabi. Da ya shigo, kafaɗarsa ta haɗu da tawa, domin babu inda za ta je. Ya manne da ɗaya gefen har rabinsa na waje. Da injin ya tashi na ji shi a cikin haƙorana. Muka fito titi, duwawuna kamar a kan kwalta, tayar bas tana wucewa daidai kunnena. Duk sanda ya canja giya gwiwar hannunsa sai ta taɓa ni, duk sanda ta taɓa ni sai ya ce, a gafarce ni. Na ƙirga har goma sha ɗaya. Sannan na yi abin da ban taɓa yi ba, na juya na dube shi.

"Ka daina ba ni haƙuri, ka tuƙa."

A shingen 'yan sanda wani ya sunkuyo, ya kalle shi, ya kalle ni, ya kira abokin aikinsa shi ma ya zo ya gani. Ya tambaye ni da yarensu ko lafiya, ko zan iya. Kalma ɗaya na sani, na ba shi. Na ce boleh, wato zan iya. Suka ɗaga mana hannu suna dariya.

Bayan shingen titi ba kowa, sararin sama wanke tas, dogayen benaye na can gaba suna ƙyalli. Iska ta cika mini hijabi ta baya. Watanni ina kulle a hawa na sha huɗu, ban san ƙirjina ya matse haka ba sai da ya buɗe. Muka zo wata gada mai lanƙwasa kamar lauje. Na riƙe ƙarfe ina jiran a jefar da ni, kamar yadda motocin Sabon Gari ke yi. Ba ta jefa ni ba. Ta kwanta ta bi kwanar kamar ruwa a kwata, ƙafa huɗu duk a ƙasa, na ji awon da muka yi a cikin bayana. Sai na ji wata tsohuwa na ƙyalƙyala dariya a cikin hular kwano, ashe ni ce. Na tambaye shi iyakar gudunta ke nan? Ya ce a'a, ko rabi ba ta yi ba, amma nan titin mutane ne, sauran sai a fili. Na ce ko don ni ba zai ƙara ba? Ya ce ko don Inna ba zai ƙara ba. Wannan amsar ce ta gama mini shari'a.

Muka yi tapau ɗin burodin, wato aka ƙunshe mana, na riƙe a cinya don babu wurin ajiya. Da muka dawo Hauwa na tsaye da waya, ta ɗauki hoton da kuka sani, ta tura wa dangi kafin in cire hula. Hoton nan ya ci mini abin da ya ci. Yaya Asabe, wadda ta raine ni, ta yi wata bakwai ba ta ɗaga wayata. Da na komo gida ta ce matar da ta goga kafaɗa da surukinta a bainar jama'a ba za ta ƙara yi wa amaren zuriyarmu faɗan kunya ba. Shekara ashirin ni ke wannan faɗan. An ba Gwaggo Laraba, wadda ko jimla biyu ba ta haɗawa ba ta yi kuka ba. Ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba, kuma Yaya ba ta yi ƙarya ba, na goga.

Amma a ranar nan, matsalar ba Yaya ba ce. Da na ce masa motar ba za ta tafi ba, ya sunkuyar da kai ya ce ya riga ya yi wa dattijo alkawari. Na ce na ji. Wadda ta ƙulla ita za ta kwance.

Asabar da hantsi Ankul Lim ya zo da babbar mota da igiyoyi. Ɗan tsoho ne kamar sanda, gashi fari fat, idonsa na dariya a saman takunkumi. Nauyinsa buhu biyar da galan biyu, idona bai yi kuskure ba. Na tsaya a gabansa na sa Hauwa ta juya masa maganata ba ragi. Na ce yaron nan bai karya alkawari ba, a shirye yake ya cika. Ni ce na yi hukunci a kan abin da ban auna ba, na sa shi ya sayar, yanzu na auna na ga na yi kuskure. In akwai kunya tawa ce, kuma ga ni na zo roƙo. Bakina ya yi nauyi a kan kalmar kuskure, har Hauwa ta dube ni kafin ta fassara.

Tsohon ya zaga motar sau ɗaya. Ya ga kwalaye da jaridu da farantin silba a gefe, ya tambaya, aka ba shi labari. Ya daɗe yana dariya. Ya ce shekara uku yana cewa garejinsa a karkace yake, yaransa na cewa tsufa ne. Ya ce shi dama in ya sayi motar ya rasa wanda zai riƙa bi a baya ranar Asabar.

"Boleh lah," in ji shi, wato ya yarda. Sai ya ɗaga yatsa ɗaya. Hauwa ta ce wai da sharaɗi, in an buɗe gari Inna za ta zo da farantinta.

Na ce zan zo, amma ya sani ba na gyara wa mutum awo in yana tsaye a kaina yana surutu.

Babbar motar ta juya ta fita ba kaya. Hauwa ta ji kukan yarinya ta wayarta da ke jone da ɗakin ta ruga sama, ta bar mu mu biyu a tsaye, ba mai kai saƙo. Ya durƙusa a kan simintin, ya buɗe baki, na ga maganar ta fi ƙarfinsa, kuma in ya fara ni ma ban san inda fuskata za ta tsaya ba. Na riga shi.

"Tashi. Tayar baya ta wajena iskarta ta ragu, tun jiya a kan gada na ji ta."

Ya tashi ya ɗauko ma'auni ya duƙa ya duba. Ta ragu.